Baturiyar Da Ta Bi Sawun 'Yan Talla

Duk wanda ya taɓa kwana a Batsari ko Safana ya san tun kafin hantsi 'yan mata sun fito da faranti a ka, wannan da ƙosai, waccan da ƙuli-ƙuli ko dafaffen rogo, suna shiga gida suna fita. Abu ne da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa. Amma akwai masanan da suka ba da shekarunsu ga binciken wannan al'amari. Tambayarsu ita ce, me ya sa nauyin talla ya fi faɗa wa 'ya mace, kuma yaushe ne yaro yakan zama namiji, yarinya ta zama mace, a idon jama'a? Wadda ta fi zurfafawa a cikinsu wata Ba'amurkiya ce, sunanta Enid Schildkrout.

Ba ita ta fara share hanyar ba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ana ce mata Baba, mutuniyar Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. An buga littafin cikin 1954 da sunan Baba of Karo. A ciki Baba ta faɗi yadda 'yan mata ke ƙulla ƙawance, da yadda samari ke zance da tsarance a zamanin ƙuruciyarta, da auren fari da aka yi mata da ɗan'uwanta don biyayya ga iyaye. Ba ta ɓoye kome ba, ga shi kuwa magana ce da ba a cika yinta gaban baƙo ba.

Bayanta sai Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina, cikin 1967. Ita ce ta lura cewa matan kulle suna da wata kasuwa tasu wadda ba ta da rumfa, ana cinikin hatsi da mai da abinci daga wannan gida zuwa wancan. Ta kuma ce abin da ya sauƙaƙa kulle a ƙauyukan nan shi ne ruwa yana kusa, ana haƙa rijiya cikin gida, jakuna kuwa su ke ɗaukar kaya. To, amma kasuwar da masu ita ba su fita, wa ke tafiyar da ita? Nan ne Malama Enid ta ɗora.

Ita dai ta yi karatunta mai zurfi a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Binciken da ya ba ta digirin dakta a Kumasi ta yi shi, cikin zangon baƙi inda Hausawa da Mosawa da sauran 'yan arewa ke zaune, daga baya ya fito littafi mai suna People of the Zongo cikin 1978. Tun 1973 ta kama aiki a babban gidan adana kayan tarihi na birnin Niyu Yok, ta kuwa yi shekara talatin da 'yan kai a wurin. Daga can ta zo Kano cikin 1976, ta zaɓi unguwa biyu: Kurawa, kusa da gidan Sarki, inda masu sarauta da ma'aikatan albashi suka fi yawa, da Ƙofar Mazugal, unguwar 'yan kasuwa.

Masana na gabanta manya suke tambaya game da yara. Ita kuwa sai ta koma ga yaran da kansu, tana bin yadda suke cinye yininsu tun daga asuba, da wanda ya aike su, da abin da suka sayar, da inda kuɗin ya shiga. Abin da ta gano shi ne, a birnin da namiji baligi ba ya wuce zauren wani, matar aure kuma ba ta fita sai da dalili, yaro kaɗai ke da ikon keta ko'ina. Shi ke sayo cefane, shi ke kai saƙo da zubin adashi, shi ke kawo labarin suna da biki da rasuwa. Watau dai yara su ne ƙafafun matan kulle, har ma da kunnuwansu. Kowa ya san yaro yana dogara ga babba, amma ta nuna cewa babba ma yana dogara ga yaro.

Wannan 'yanci kuwa ba ya daɗewa, kuma ƙofa ba iri ɗaya take rufe wa kowa ba. Ɗa namiji, da ya fara tasawa, sai a daina barinsa shiga gidajen mutane, kwanansa ya koma zaure ko shago tare da sa'o'insa, waje ya zama nasa. 'Ya mace ita ce ta fi kowa yawo cikin gari, har ranar da aka sa ta a lalle, yawancinsu a wancan zamani ba su kai shekara 15 ba. Daga ran nan ta shiga ɗaki, ta koma mai neman yaron da za ta aika.

Talla ita ce gadar da ke kai ta can. Ribar da yarinya ke kawowa, uwa ke tarawa ta sayi kwanoni da tasoshi da gado, domin amaryar da aka kai ba kayan ɗaki abin gori ce ga danginta duka. A wurin talla kuma samari ke ganinta, su fara toshi. Iyaye sun san haɗarin da ke cikin haka sarai, shi ya sa da an ga ta fara girma sai a gaggauta aure, don gudun abin kunya.

An yi dace, shekarar da ta iso ita ce gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, cikin Satumba 1976. Ma'aikata da yawa suna cewa jahilci ne ke hana iyaye sa 'ya'ya mata a makaranta. Malama Enid ta gwada unguwannin nan biyu, ta ga ba haka zancen yake ba. A Kurawa, inda uba mai albashi ke iya ɗaukar nauyin kayan ɗaki, 'yan mata sun fi zuwa makaranta, talla kaɗan ce. A Ƙofar Mazugal kuwa, ɗauke yarinya daga talla daidai yake da rufe wa uwarta kasuwa, a kuma bar ita yarinyar ba kayan aure. Uwar da ta ƙi lissafi ta yi, kuma lissafinta bai karkace ba. Ta bayyana wannan cikin wata maƙala ta 1978 da waɗansu da suka biyo baya. Abin takaici, duk da Turanci aka buga su a ƙasashen waje, matan da suka buɗe mata ɗakunansu ba su sami karantawa ba.

Cikin 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kare haƙƙin yara, wadda ta sa shekara 18 ga aure, ta kuma hana sa yara talla a manyan titunan birane. Dokar ta yi magana kan faranti, amma ba ta faɗi wanda zai sayi kwanonin amarya ba. A ƙasar Ruma da ta Safana ma wani nauyi ya ƙaru, gama tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, an rufe makarantu a wurare, iyalai sun yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari da birnin Katsina. Matar da ta baro gona da rumbu a baya, sau da yawa jarinta bai wuce kaskon tuya ɗaya da 'yar da za ta ɗauki farantin ba.