Malalar Mai a Teku da Gubar Dalma a Zamfara: Tarihin Fushi da Alhinin Jama'a

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin waɗansu masifu uku da suka auku tsakanin 2010 da 2011, waɗanda duk neman arzikin ƙarƙashin ƙasa ne ya haddasa su. Biyu daga ciki malalar ɗanyen mai ce a teku, ɗaya a Amurka ɗaya a Nijeriya, ta ukun kuwa ita ce gubar dalma da ta hallaka yara a ƙauyukan Zamfara. Tambayar da muke son amsawa ita ce: me ya sa kukan waɗansu ya zama fushin da ya girgiza hukuma, na waɗansu kuwa ya daɗe a cikin gida bai tsallake zaure ba? Za mu fara da teku a taƙaice, sa'an nan mu dawo gida inda za mu fi daɗewa.

2.0 Malala Biyu a Teku

Ran 20 ga Afrilu, 2010, dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon, wanda ke yi wa kamfanin BP aiki a Tekun Meziko, ya yi bindiga, ma'aikata 11 suka mutu. Rijiyar ta yi kwana 87 tana aman mai kafin a toshe ta, gwamnatin Amurka kuma ta ƙiyasta abin da ya fita da ganga miliyan 4.9. Kullum jama'a suna kallon bakin rijiyar a talabijin, suna ganin kwasakwasa ta jiƙe sharkaf da mai, masunta sun ɗaure jirage. Ba a cika wata biyu ba sai da Shugaba Obama ya sa BP ya ware dala biliyan 20 domin diyya, daga baya shugaban kamfanin, Tony Hayward, ya sauka.

Ran 20 ga Disamba, 2011, irin wannan ta auku a filin mai na Bonga, kimanin kilomita 120 daga gaɓar tekun Nijeriya, sa'ad da ake ɗura wa jirgin dakon mai. Kamfanin Shell ya ce abin da ya zube ya kai wajen ganga 40,000. Masuntan gaɓar Neja Delta sun yi kuka, hukumar NOSDRA ta ci kamfanin tara, aka shiga shari'a. A 2023 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa masu ƙara sun makara wajen shigar da ita. A nan akwai fushi, akwai wanda ake tuhuma, amma babu hukumar da ta ɗauki fushin da ƙarfinta tun yana da zafi.

3.0 Gubar Dalma a Zamfara

Haƙar zinariya tsohuwar sana'a ce a wannan yanki, domin an yi ta sosai tun shekarun 1930, zamanin Turawa. Abin da ya sake shi ne farashi. Oza ɗaya da ba ta kai dala 300 ba a 2001 ta haura dala 1,000 kafin 2010. Manomin da ke zaman jiran damina ya ga abin yi da rani. Aka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka ana kawowa cikin gari, ana farfasawa, ana niƙawa da injin niƙan hatsi, mata suna dakawa a turmi, ana wankewa ana shanyawa a tsakar gida. Abin da ba a sani ba shi ne, jijiyar dutsen da aka faɗa wa cike take da dalma. Ƙurar ta kwanta a daɓen ɗaki da rijiya da abinci, yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki.

Alamar farko daga dabbobi ta zo, domin mutanen ƙauyukan sun ba da labarin yadda agwagi suka riƙa mutuwa, ba wanda ya kawo kome a ransa. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ji labarin mace-macen yara a ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka. Yaro zai yi amai, ya shiga jijjiga, ya cika. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, sai da aka gwada jini aka gane gaskiya. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda. A waɗansu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta yarda da ita a lokacin, a inda yara ke wasa, 400 ce. Yaran da suka mutu sun haura 400, dubbai kuma suka rayu da gubar, waɗansu da makanta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Ya kamata mu lura da kwanan wata. A daidai makonnin da duniya ta zuba wa Tekun Meziko ido, a daidai su ne ake jera ƙananan kaburbura a 'Yargalma da Dareta.

4.0 Dalilan Shiru

Muna ganin dalilai uku ne suka hana alhinin Zamfara zama fushi da wuri. Na farko, babu kamfanin da za a nuna wa yatsa. Uba ne ya kawo dutsen, uwa ce ta daka, ɗansu ne ya mutu. Wa za a kai ƙara? Na biyu, tsoro. Zinariya ita ce ta fara kawo wa gidajen kuɗi, mutane kuwa sun san idan hukuma ta ji za ta hana haƙa, saboda haka aka sami masu ɓoye mutuwa. Na uku, yadda muka saba karɓar rashin ƙaramin yaro. A ƙasar da kyanda da sanƙarau suka saba ɗauka, gaisuwar ita ce a yi haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne. Haƙuri abin yabo ne, amma bai ɗauke wa hukuma nauyinta ba. Tsarin mulki da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun danƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, wanda ya ce dukiya tasa ce kuwa, shi ke da alhakin sanin abin da ke fitowa daga raminta.

5.0 Bagega

Daga Yuni 2010 zuwa Maris 2011 kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha, suka tsabtace ƙauyuka bakwai. Aikin shi ne a kankare saman ƙasar gida, a binne ta a rami can nesa, a zuba sabuwa. Sai an yi haka likitoci ke fara ba yaro maganin da ke jawo dalma daga jini, domin aikin banza ne a wanke jini a mai da yaro cikin ƙurar da ta ɓata shi.

Bagega, wadda ta fi su girma da yawan guba, ita aka bari, yara wajen 1,500 suna jira. A watan Mayu na 2012 aka yi taro a Abuja a kan matsalar, ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai ba wanda ya halarta da kansa. An yi alkawarin naira miliyan 850, shekara ta ƙare ba a ga kome ba. A nan ne alhini ya sami baki. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yayata lamarin, waɗansu matasa kuma, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa shirin Follow the Money, suka cika intanet da kiran a ceci Bagega, suna ambaton adadin kuɗin da sunan wanda ya yi alkawari. A ƙarshen Janairu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umurnin sakin kuɗi, aka tsabtace garin a cikin shekarar, magani ya fara. Abin da ya bambanta wannan kuka da na baya shi ne, ya sami wanda zai tuhuma, ya sami adadin da zai nema.

6.0 Kammalawa

Labarin bai ƙare a Bagega ba. A 2015 gubar ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin a Disamba 2024, sai ga rahoton gubar dalma daga ƙaramar hukumar Bunguɗu a Afrilu 2025, har Ministan Ma'adinai Dele Alake ya ba da umurnin a dakatar da haƙa. Mutumin Karakkai ko Tsafe ko Gusau da ya ɗauka wannan ciwon na Anka ne, yanzu ya ga hayaƙi a maƙwabta.

Shawararmu ga wannan taro guda biyu ce. Ta farko, jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauki bayanin iyayen Dareta da 'Yargalma da Bagega da bakinsu, da Hausa, tun suna raye, domin mafi yawan abin da aka rubuta a kansu da Turanci yake. Ta biyu, a bi sawun yaran da suka rayu, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yammata, a san halin da suke ciki a makaranta da gona da gidan aure. An ƙidaya gangunan man da suka zube a Tekun Meziko har gaban alƙali. Bai kamata a ce mun kasa ƙidaya 'ya'yanmu ba.