UPC: Jam'iyyar Mutum Goma Sha Biyu da ta Girgiza Faransa daga New Bell

Wai har yanzu akwai mai cewa ƙaramar jam'iyya ba ta iya juya ƙasa, kuma ɗan New Bell ne ke faɗin haka? Haba ɗan'uwa! Ko a Jamus, 'yan Nazi ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba a zaɓen 1928, amma a 1933 Hitler ya hau mulki, ya jefa duniya cikin masifa. Wancan sharri ne. Namu na gida Kamaru labarin 'yanci ne.

Ran 10 ga Afrilu 1948, mutum goma sha biyu, galibinsu 'yan ƙungiyar ƙwadago, suka zauna a wata mashaya a nan Duwala suka kafa jam'iyyar UPC. Ba kuɗi, ba sarauta. Ƙarfinsu yana wurin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan dakon tashar jiragen ruwa da baƙin da suka cika New Bell, unguwar da Jamusawa suka ware wa baƙar fata.

Sai Ruben Um Nyobe, wanda ake wa laƙabi da Mpodol! Tsohon ma'aikacin kotu, ya zama babban sakataren jam'iyyar tun a 1948. Ya bi ƙauyuka yana kafa rassa, yana karantar da manoma dokar da Turawa ke mulkinsu da ita. Hujjarsa mai kaifi ce: Kamaru amana ce a hannun Majalisar Ɗinkin Duniya, ba gadon Faransa ba. A Disamba 1952 ya tsaya a New York gaban Majalisar, ya nemi a haɗe Kamarun Faransa da ta Ingila, a kuma sa ranar 'yanci. Ya koma a 1953, ya sake komawa a 1954. Ɗan ƙauye daga ƙasar Bassa, ba runduna a bayansa, ya sa manyan Faransa suna kame-kame!

Masu cewa jam'iyyar Bassa ce zalla, ku duba shugabanninta. Felix Moumie Bamun ne daga Fumban, Ernest Ouandie da Abel Kingue kuwa Bamileke ne.

A watan Mayun 1955, zamanin Gwamna Roland Pre, New Bell ta kama da wuta. Aka yi arangama, jini ya zuba, hedikwatar jam'iyyar ta ƙone. Ran 13 ga Yuli aka haramta UPC.

Sojojin Faransa suka kashe Um Nyobe a daji a 1958. Aka ba Moumie guba a Janeba a 1960, aka harbe Ouandie a Bafusam a 1971. Mulki ya faɗa hannun Ahmadu Ahijo, amma 'yancin 1960 da haɗewar 1961 buƙatun UPC ne tun farko. Su suka yi shuka, wasu suka girbe. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku abin da aka yi a titunan da suke bi zuwa makaranta. Allah Ya ba Kamaru zaman lafiya.