Ranar da jirgin ƙasa ya tsaya

Ya kai mai karatu, ka san jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Matamaye ba. Amma kakanninmu sun ci moriyarsa. Gyaɗar da suka noma, mota ce take kai ta Kano. Daga Kano jirgi ya ɗauka zuwa Ikko, bakin teku. Hanyar jirgin ta iso Kano tun 1911.

To, su wa suke tafiyar da jirgin? Talakawa ne kamarka: maƙera, direbobi da leburori. Aikinsu da wuya, albashinsu kaɗan. In mutum ɗaya ya yi kuka, sai Bature ya kore shi. Saboda haka suka haɗa kai, suka kafa ƙungiyar ma'aikatan reluwe, wato abin da muke kira sandika. A 1940 gwamnatin Ingila ta yi mata rajista. Shugabanta shi ne Maikal Imudu, ma'aikacin reluwe a Ikko.

Lokacin nan ana Yaƙin Duniya na Biyu. Abinci da tufafi suka yi tsada, albashi bai isa ba. Imudu ya yi ta neman ƙari. A 1943 Turawa suka tsare shi, ba su sake shi ba sai 1945.

Ran 22 ga Yuni 1945 ma'aikatan reluwe suka shiga yajin aiki. Na gidan waya da na tashar jirgin ruwa suka bi su. Yajin ya kai har Zariya. Jirgi ya tsaya, kaya suka taru a tasha. Aka yi kwana 44 ba albashi, iyali suna jin yunwa, amma mutanen suka daure. A 1946 gwamnati ta ƙara musu kuɗin tsadar rayuwa.

A ƙasashen da Faransa ta mallaka ma an yi haka. Ma'aikatan jirgin Dakar zuwa Bamako sun yi yaji daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948.

Ka lura, ɗan'uwa. Mutanen nan ba su da bindiga, ba su da dukiya. Abin da suke da shi, baki ɗaya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 2021 an ƙaddamar da aikin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina. Ran da ka shiga jirgin, ka tuna da mutanen 1945.