Itatuwan Ado na Ƙera Jita: Tarihinsu da Rabon Ƙasar Hausa a Ciki

Itatuwan ado na ƙera jita su ne katakan da maƙeran kayan kiɗa suke zaɓa saboda launinsu da zanen da ke jikinsu, su yi bayan jita da gefunanta da wuyanta da allon da yatsu ke dannawa. Da su ake ƙera babbar jita mai kaurin amo da ake kira bas. Yawancinsu daga ƙasashe masu zafi ake samo su, kuma da dama cikinsu bishiyoyi ne da mutumin Gagarawa ko Gumel a Jigawa ya sani da sunansu na gida: kanya, maɗaci, kawo, maɗobiya. Tarihinsu maimaici ne. Kasuwa takan kama itace guda har ya yi ƙaranci, a kafa masa doka, sai ta juya ga wani.

Mafari

Jitar da aka sani yau ta samu siffarta a hannun wani kafinta ɗan Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. A 1862 ya ƙera wata jita da ya yi bayanta da gefunanta da takarda mai kauri, fuskarta kawai ya yi da katako mai kyau, don ya nuna cewa daga fuskar amo yake fitowa. Jitar ta yi amo. Wannan bai hana masu saye neman katako mai kyan gani ba, har gobe kuma ana gardama kan rabon kunne da rabon ido a cikin kuɗin da ake biya. A ganin mai wannan rubutu, ido ya fi cin kaso mai tsoka.

Itacen da ya daɗe yana sarauta shi ne Dalbergia nigra na ƙasar Brazil, mai duhun ja da baƙaƙen jijiyoyi da ƙamshi idan aka yanka shi. Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, da shi yake yin manyan jitocinsa har zuwa 1969, lokacin da Brazil ta riga ta hana fitar da gumagumansa, sai ya koma ga ɗan uwansa na Indiya. A 1992 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa na Brazil a rukunin farko, wato an rufe cinikin sabon yanka tsakanin ƙasashe.

Shigowar itatuwan Afirka

Afirka ta shigo cinikin da wuri. Maɗaci yana cikin katakan farko irin nasa da Turawa suka fara ɗiba daga Afirka ta Yamma, ta bakin kogin Gambiya, tun ƙarni na 19. Danginsa na kurmi ne ake yin gangar jita da wuyanta da su a yau. A 1958 kamfanin Gibson ya fitar da jitocin Flying V da Explorer da wani farin katako na kurmin Afirka ta Yamma da ya yi wa laƙabi da korina. Da farko ba su karɓu ba, ƙalilan aka ƙera, shi ya sa na wancan zubin suke cikin jitoci mafiya tsada a duniya.

Masu ƙera bas ne suka mai da abin yayi. Kamfanin Alembic na Kalifoniya, wanda aka kafa a 1969, ya riƙa jera siraran katakai masu launi dabam-dabam yana manne su, ya bar su ba fenti don zanen ya fito. Warwick na Jamus, wanda aka kafa a 1982, ya yi suna da katakan Afirka: wenge mai duhu, bubinga mai ja, da kawo, wanda ya yi gangar wasu daga cikin fitattun bas ɗinsa da shi. Kawon dai da makiyayi ke sassabe wa ganye ya ba shanu da rani.

Labarin baƙin katako ya fi kowanne nuna yadda son ado ke cin daji. Itacen ɗan uwan kanya ne, kuma tsohuwar kanya ma wani lokaci akan tarar da zuciyarta ta yi baƙi. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifen suka sayi masana'antar yankan katako ta Crelicam a Yawunde ta Kamaru. Can Bob Taylor na kamfanin Taylor ya ji daga bakin masu saran itacen cewa sai an kayar da bishiya wajen goma kafin a dace da guda mai baƙi ƙirin, domin ba a gane launin ciki sai an sare. Sauran masu ratsin fari a daji ake barinsu su ruɓe, tunda kuɗinsu bai kai wahalar jawo su ba. Kamfanin ya yanke shawarar sayen mai ratsi a farashin baƙin, ya sa shi a jitocinsa masu tsada. Abin da ake yarwa jiya ya zama ado. Gibson kuwa ya gamu da fushin hukuma: an kai samame ma'aikatunsa a 2009 da 2011 kan katakon Madagaska da na Indiya, a 2012 ya amince ya biya tarar dala 300,000.

Maɗobiya

A Najeriya, itacen da guguwar saran katako ta fi kaɗawa shi ne maɗobiya, Pterocarpus erinaceus. Mai sara ya san ta da jan ruwan da take zubarwa kamar jini idan gatari ya shige ta, kowa kuma ya san furenta ruwan ɗorawa da ke rufe bishiyar lokacin hunturu bayan ganye ya kaɗe. Tana da amo: a Mali da Gini da ita ake sassaƙa sandunan kayan kiɗan balafon, ana kuma yin gangar jembe da ita. Sai dai a yi adalci, ba jita ce ta cinye ta ba. Kujeru da gadaje na alfarma a ƙasar Sin ne suka ja ta, bayan irin wannan katako ya yi ƙaranci a kudu maso gabashin Asiya. Daga wajejen 2013 sara ya yi ƙamari a Kogi, ya gangara Taraba da Adamawa, inda 'yan katako ke kiranta Madrid, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da ita.

Senegal ce ta fara neman a kare ta, taron CITES na Johannesburg a 2016 kuma ya sa ta a rukuni na biyu daga Janairun 2017, wato ba a fitar da ita sai da takardar izini. A wannan shekarar ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta fitar da rahoto tana zargin cewa an halatta gumagumai kimanin miliyan 1.4 da aka tsare a tashoshin ruwan Sin da takardun izinin da aka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun bar Najeriya. A ƙarshen 2018 CITES ta dakatar da cinikin maɗobiya daga Najeriya. Taron 2016 ɗin ya haɗa har da bubinga da dukan dangin Dalbergia, abin da ya jefa masu jita cikin wahalar takardu, har kamfanin Fender ya sauya katakon allon yatsu a wasu jitocinsa. A 2019 aka cire kayan kiɗan da aka gama ƙerawa daga wannan ƙa'ida.

A ƙasar Gumel

Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, ƙasar rairayi ce da ƙarancin ruwan sama, ba dajin katako ba. Katakon rufi da na kujeru daga kudu ake kawo shi. Jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru da ya ratsa Gagarawa gyaɗa da ƙaro da fatu ya fi ɗauka a zamaninsa. Bishiyoyin yankin a gona suke, kowace da mai ita da aikinta: gawo don taki da abincin dabbobi, aduwa don 'ya'ya da allon karatu, ƙirya don turmi da gawayin maƙera, kanya don 'ya'yanta da inuwa.

Masu yin kayan kiɗan Hausa kuwa ba su taɓa ɗora darajar kayansu kan zanen katako ba. Gurmi da goge da kukuma ƙwarya ce da fata, goge da kukuma da tsarkiyar gashin wutsiyar doki. Garayar mafarauta akan rufe ta da fatar gada. Inda ake zaɓen itace da gaske shi ne wajen ganguna, inda masassaƙa suka fi son alilliba saboda rashin nauyi da sauƙin rarakewa. Adon kuma daga baya yake zuwa, da jar fata da tuntaye da layu, har itacen ma ba a ganinsa. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi bai fi tafin hannu ba. Ko jitar da ta shigo ta hannun Buzayen Nijar ba da katakon alfarma ta fara ba: Mdou Moctar, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, da guntun katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari.

Abin da ke rage manyan itatuwa a arewacin Jigawa shi ne itacen girki da gawayi da fari da faɗaɗa gonaki, ba 'yan kasuwar waje ba. Amma dokar duniya ta iso kan bishiyoyin da aka saba gani a ƙasar Hausa. A taron CITES na Panama a Nuwamban 2022 an sa maɗaci da kawo da sauran dangin maɗobiya na Afirka a rukuni na biyu, kuma tun Fabrairun 2023 ba a fitar da gumagumansu ko yankakken katakonsu zuwa wata ƙasa sai da takardar izini.