Kuɗin Kowa, Kamfen Ɓangare Guda: Tsohuwar Rigimar Haraji a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙaramar hukuma ba ta da ikon ta wayi gari ta ɗora wa mutane sabon haraji. Kansiloli suna iya zama su yi lissafi, su rubuta ƙudiri, amma sai an kai maganar gaban masu zaɓe sun ce e ko a'a. Wanda ya saba da majalisa ta yanke haraji, talaka ya tsinci labari a rediyo, zai ji abin banbaraƙwai. Wannan 'yanci kuwa ya zo da rigimarsa, wadda aka kusa shekara ɗari ana tafkawa a kotuna. Tunda hukuma ce ke neman harajin, shin tana da hurumin ɗibar kuɗi daga baitulmali ta yi wa ƙudirin kamfe? Ni dai tun farko in faɗi inda na tsaya: ba ta da shi. Tarihin shari'o'in ne ya kai ni nan, duk da cewa akwai inda ya so ya girgiza ni.

Al'adar tambayar jama'a ta daɗe a jihar. Tsarin mulkinta na 1879 ya hana birni ko gunduma cin babban bashi sai kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun yarda. A 1911, zamanin Gwamna Hiram Johnson, aka ba jama'a damar su kawo doka da kansu ta hanyar tara sa hannu, saboda mutane sun gaji da yadda kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific yake juya 'yan majalisa. Da ƙuri'a ta zama ƙofar samun kuɗi, ba a jima ba ma'aikatan gwamnati suka fara neman dabarar buɗe ta.

Babbar shari'a ta farko ta taso ne daga Los Anjeles. Hukumar da ke kula da ruwa da wutar lantarki ta birnin tana son cin bashi don faɗaɗa tashoshin wuta, kamfanonin wuta masu zaman kansu kuma ba sa ƙaunar ganin birni ya shigo musu kasuwa. Sai hukumar ta ɗebi sama da dala 12,000 daga asusunta ta buga katuna, da kyallayen talla, da takardun rabawa, da sitikun liƙawa a gilashin mota, duka suna kiran a amince. Wani mai biyan haraji ya kai ƙara, sunan da ya fito a kan takardar shari'ar kuma shi ne na Reginaldo del Valle, dattijon ɗan siyasa kuma jigo a hukumar. Hujjar kwamishinonin ita ce dokar birni ta ba su ikon ginawa da faɗaɗa tashoshin wuta, neman ƙuri'a kuwa wani ɓangare ne na aikin. A 1927 Kotun Ƙolin jihar ta yi watsi da wannan. Ta ce wanda ke adawa da bashin yana da haƙƙi a cikin asusun daidai da wanda ke goyon baya, don haka ba a ɗauki kuɗinsa a yaƙe shi da shi ba. Ta kuma ɗora wa jami'an alhakin mayar da kuɗin daga aljihunsu. A riƙe wannan na ƙarshen, domin shi ne haƙorin hukuncin, kuma shi aka fara cirewa daga baya.

Daga can gabashin ƙasar aka sami hukuncin da ya fi kowanne tasiri. A 1952 hukumar makarantu ta Parsippany-Troy Hills, a jihar New Jersey, ta buga ɗan littafi kan shirin ƙara azuzuwa. Yawancin abin da ke ciki gaskiya ce tsagwaronta: yawan yara, cunkoso, abin da gini zai ci, abin da zai hau kan mai gida. Amma a bango da wasu shafuka an rubuta kira ƙarara cewa a jefa ƙuri'ar amincewa, an kuma jero masifun da za su biyo baya idan aka ƙi, har da raba yara wasu safe wasu yamma. Mai Shari'a William Brennan, wanda a 1956 aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙolin Amurka, shi ya rubuta hukuncin a 1953. Bai ce hukuma ta kama bakinta ba. Ya ce tana da iko, kusan ma wajibi ne, ta kashe kuɗi ta bayyana wa mutane gaskiyar lamari, mai daɗi da marar daɗi, har ta kama zauren taro inda kowane ɓangare zai yi magana. Abin da ya haramta shi ne ta shiga fili a matsayin 'yar takara. Daga nan aka sami iyakar da ake ta gardama a kanta har yau, tsakanin faɗakarwa da kamfe.

Kalifoniya ta ɗauki wannan iyaka a 1976. William Penn Mott, shugaban ma'aikatar wuraren shaƙatawa ta jihar, mutum ne da ya ba da rayuwarsa ga dazuzzuka da gaɓar teku, har daga baya Shugaba Reagan ya damƙa masa kula da gandun dajin ƙasa baki ɗaya. An zarge shi da kashe sama da dala 5,000 na ma'aikata wajen tallata bashin dala miliyan 250 da aka kai gaban masu zaɓe a watan Yunin 1974. Kuɗin kaɗan ne, manufar mai kyau ce, jama'a ma sun amince da bashin. Duk da haka kotu, ta bakin Mai Shari'a Mathew Tobriner, ta ce in ba majalisa ce ta ba da izini a fili ba, babu ma'aikatar da za ta kashe kuɗin jama'a don rinjayar zaɓe. Ta ce sitika da fasta da tallan rediyo da talabijin kayan kamfe ne ko an kira su da wane suna, sauran takardu kuwa a dubi salonsu, da lafazinsu, da lokacin da aka fito da su. Sai dai a hukuncin nan ne aka sassauta dokar 1927: jami'i ba zai biya daga aljihunsa ba sai an nuna ya yi sakaci. Na fahimci dalilin, don kada tsoro ya hana ma'aikaci aiki. Amma tun daga ranar, jami'in da ya nemi shawarar lauyan ofis kafin ya sa hannu ya sami inuwar fakewa.

Inda tarihin ya so ya girgiza ni shi ne Boston, a 1978. A watan Afrilun shekarar Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Bellotti, cewa kamfanoni suna da 'yancin zuba kuɗi a ƙuri'ar raba gardama. A watan Nuwamba kuma jihar Massachusetts za ta kaɗa ƙuri'a kan gyaran tsarin mulki da zai ba da damar a yanka wa gidajen zama harajin da bai kai na gine-ginen kasuwanci ba. 'Yan kasuwa ba sa so. Magajin garin Boston, Kevin White, ya ga in gyaran ya faɗi nauyin zai koma kan masu ƙananan gidaje, sai birnin ya ware kuɗi don kamfe. Kotun ƙolin jihar ta hana. Da aka garzaya Washington, alƙalin da ya dakatar da hanin, ya bar birnin ya ci gaba, shi ne Brennan, mutumin da ya shata iyakar a 1953. Dalilinsa shi ne an saki bakin kamfanoni, in aka ɗaure na birni har zaɓe ya wuce, ba zai sake samun damar ba. Gyaran ya wuce.

Tausayin Boston ya kama ni, ban kuma ga laifin wanda ya kama ba. Amma kamfani kuɗinsa yake kashewa, birni kuwa kuɗin da ya karɓa da ƙarfin doka, har daga hannun wanda zai ce a'a. Kuma ikon da aka ba magajin gari mai kare talaka, shi ɗin ne zai gada wanda zai zo bayansa, ko da azzalumi ne. Ba a hana Kevin White hawa mumbari ba, ba a hana majalisar birni bayyana matsayinta ba, ba a hana magoya baya kafa kwamiti su tara gudummawa ba. Akwatin baitulmali kaɗai aka ce a bari a rufe.

Shekarar 1978 ɗin ce ta mayar da maganar ruwan dare a Kalifoniya. Ranar 6 ga Yuni masu zaɓe suka amince da Ƙudiri na 13, wanda Howard Jarvis da Paul Gann suka jagoranta. Ya ƙayyade harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsu, ya kuma ce haraji na musamman sai da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A 1996 Ƙudiri na 218 ya ƙarasa aikin: kowane harajin ƙaramar hukuma sai an kai shi akwati. Kuɗin shiga ya ragu, buƙatu ba su ragu ba. Birane da gundumomi da hukumomin makarantu suka koma yi wa masu zaɓe sallama kusan kowane zaɓe. Nan sana'a ta buɗe ga ƙwararrun da hukuma ke ɗauka haya su yi binciken jin ra'ayi, su gano kalmar da ke taɓa zuciya, 'yan kwana-kwana ne ko ramukan titi, sannan su cika akwatunan wasiƙa da takardu masu sheƙi waɗanda suka faɗi komai ban da kalma ɗaya, wato "zaɓi".

Shari'ar Salinas ta nuna yadda iyakar ke da wuyar gani. Garin manoman latas ne, mahaifar marubuci John Steinbeck. A 2002 wasu mazauna suka kawo ƙudirin rage harajin da ake ɗorawa kan kuɗin wuta da gas da waya har a kai ga soke shi, harajin da ke kawo wajen dala miliyan 8 a shekara, kusan kashi 13 cikin 100 na babban asusun birnin. Majalisar birni ta zauna ta jera abin da za ta rufe idan ƙudirin ya wuce, ta sa a shafinta na intanet, ta buga a takarda guda, ta kuma saka a jaridar birni da ake aika wa gidaje. Masu ƙudirin suka kai ƙara cewa an tsorata mutane da kuɗinsu, ƙudirin kuma ya faɗi. A 2009 Kotun Ƙolin jihar, ƙarƙashin Babban Joji Ronald George, ta ce abin da Salinas ta yi faɗakarwa ce. Ta kuma ƙi yarda da ra'ayin cewa kauce wa kalmar "zaɓi" kaɗai ya isa wanke hukuma, wanda hakan daidai ne. Ba zan ce gargaɗin birnin ƙarya ba ne, domin a ƙarshen 2004, bayan masu zaɓe sun ƙi wasu ƙarin haraji, majalisar ta yanke shawarar rufe ɗakunan karatu uku na garin, har da mai sunan Steinbeck, sai gudummawar jama'a da harajin da aka amince da shi a 2005 suka cece su. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya sami masu ƙarar: an umarce su su biya kuɗin lauyoyin birni, sama da dala 200,000. Bayan wannan, wane talaka ne zai sake tunkarar hukuma a kotu?

Sakamakon ya bayyana. A 2016 hukumar jiragen ƙasa ta yankin San Faransisko, BART, ta nemi bashin dala biliyan 3.5, ta yi bidiyoyin da hukumar sa ido kan harkokin zaɓe ta jihar ta ce kamfe ne. Tarar da aka ci ta dala 7,500 ce. A watan Maris na 2017 gundumar Los Anjeles ta kai ƙudirin ƙarin harajin ciniki don taimakon marasa matsuguni, ta kashe kusan dala miliyan guda kan tallace-tallace, har da na talabijin. Ana buƙatar kashi biyu cikin uku, aka sami kusan kashi 69 cikin 100, da ƙyar ke nan. Ƙungiyar masu biyan haraji mai ɗauke da sunan Howard Jarvis ta yi ƙorafi, a 2020 gundumar ta amince ta biya dala miliyan 1.35. Ina kuɗin suka fito? Daga asusun nan dai. Mai biyan haraji ya biya kuɗin tallar, ya biya sabon harajin, ya kuma biya tarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Taimakon wanda ke kwana a titi aikin alheri ne, kuma da ina da ƙuri'a a can, mai yiwuwa da e zan ce. Wannan ne ma ya sa abin ya fi haɗari, don manufa mai kyau ita ke sa mutane su kawar da kai. Dokoki kuwa suna nan a rubuce. Akwai wadda ta hana ƙananan hukumomi kashe kuɗi kan goyon baya ko adawa da ƙudiri, akwai wadda ta tanadi tarar da ta kai dala 1,000 a kowace rana tare da ninki uku na abin da aka kashe. Amma hukumar sa idon ikonta ya tsaya kan rashin bayyana kuɗin kamfe, kuma da aka nemi majalisa ta faɗaɗa mata iko a 2019 ƙudirin bai zama doka ba. Masu gabatar da ƙara na gunduma, waɗanda ke da ikon, kasafin ofisoshinsu daga wannan asusun yake fitowa.

Hukuma ta faɗi gaskiya, ta buga lissafinta, ta ba mai adawa fili daidai da nata. Jami'in da ya tsallake haka ya sayi talla da kuɗin jama'a, a mayar da shi kan hukuncin 1927, ya biya daga albashinsa.