Kunnen Bakanike: Tarihin Saita Wutar Fijo

Idan tsohuwar Fijo ta shiga gareji a Haɗeja ko Kafin Hausa tana haki, ruwan lagireto na tafasa, ga shan mai babu ƙarfi, dattawan makanikai kan yanke hukunci tun kafin a ɗaga bonet: taimin ya goce. Wannan gajeren hukunci yana da tarihin da ya haura shekara ɗari, kuma masu iya yanke shi da kunne suna ƙarewa.

Asalin matsalar lokaci ne. Fetur da iskar da ke cikin silinda ba sa ƙonewa nan take, suna ɗaukar ɗan lokaci kaɗan. Saboda haka dole filogi ya ba da wuta kafin fistin ya kai ƙololuwa, domin ƙarfin ƙunar ya same shi daidai lokacin da zai juyo ƙasa. Injin da ke juyi 3,000 a minti yana zagaye 50 a daƙiƙa guda, ke nan kuskuren da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa ya ɓata lissafi. Wuta ta yi sauri, inji ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa har ya ci kan fistin. Ta yi jinkiri, mota ta yi sanyin jiki, inji ya ɗau zafi, salansa na harbi.

A motocin farko direba ne ke wannan lissafi da hannunsa. Ford Model T, wadda ta fito a 1908, tana da ɗan hannu a jikin sitiyari, direba na matsar da wuta gaba ko baya yana tafiya. A 1910 Cadillac ta fara amfani da tsarin da Charles Kettering ya ƙirƙira a kamfaninsa na Delco a Amurka: batir, kwil mai ɗaga wutar batir zuwa dubban volt, kwantak mai buɗewa da rufewa, sai distirbuta mai raba wuta ga filogai. Sunan kamfanin ya manne wa na'urar har Faransawa ke kiran distirbuta "delco". Daga baya aka sa wa distirbuta wasu ƙananan ƙarafa masu buɗewa idan inji ya yi gudu, su matsar da wuta gaba da kansu.

Wannan tsari ne Peugeot 404 da 504 suka shigo da shi ƙasar Hausa. An ƙaddamar da 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, a 1975, shekarar da 504 ta lashe gasar Safari a Kenya. Ta zama motar gwamnati, motar alhazai, motar haya. Wagon na jigilar fasinja tsakanin Haɗeja da Kano, a-kori-kura na kwaso buhunan shinkafa da kwandunan tattasai daga fadama.

Amma tsarin Kettering yana da rauni, kuma ƙasar Haɗeja ta san inda raunin yake. Kwantak yana da ɗan dunduniya da ke gogar sandar distirbuta. Ƙurar hunturu na shiga ta cinye dunduniyar, tazarar kwantak ta ragu, wuta ta riƙa makara a hankali ba tare da direba ya lura ba. Da damina kuma, idan kogi ya cika ya haura hanya, laima na shiga murfin distirbuta, mota ta mutu a tsakiyar ruwa. Ga fetur ɗin bumburutu, wanda a lokutan ƙarancin mai akan gauraya da kananzir. Irin wannan mai yana sa inji ƙwanƙwasa, sai bakanike ya ja wutar baya kaɗan don a samu a isa gida. Littafin kamfani bai tanadi wannan ba.

A nan gwaninta ta bayyana. Ƙwararre ba ya taɓa taimin sai ya fara gyara tazarar kwantak, wajen milimita 0.4, domin duk canjin da aka yi wa tazarar yana motsa lokacin wuta. Zai duba ko wayoyin filogi na bin tsarin 1-3-4-2. Sannan ya sassauta noti, ya kama distirbuta yana juya ta sannu a hankali inji na aiki, yana sauraro. Inda karar ta daidaita, sai ya koma baya ɗan kaɗan ya ɗaure. Gwajin ƙarshe a kan titi ake yi: a sa babban giya, a taka totur, a kasa kunne. Akwai fitilar saita taimin, kuma gaskiya ta fi kunne daidaito. Sai dai fitila tana saita inji ne bisa man da kamfani ya zata za a zuba, kunne kuwa bisa man da ke cikin tanki. Yaron gareji kan shafe shekaru yana miƙa sifana kafin maigidansa ya yarda ya bar masa distirbuta.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zamani ba daga gareji ya fito ba. Bayan shirin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin Kwatano suka cika tasha. Yawancinsu ba su da kwantak, waɗanda suka biyo baya ma ba su da distirbuta gaba ɗaya. Kwamfutar mota ce ke karanta juyin inji, ta ji ƙwanƙwasa da nata kunnen, ta gyara lokacin wuta kafin direba ya ji komai. An daina harhaɗa 504 a Kaduna a tsakiyar shekarun 2000.

Ba na cikin masu kukan wannan canji, domin motar yau ta fi tashi da safe, ta fi tattalin mai. Amma an yi musaya. Fijo idan ta tsaya a hanyar Auyo, sukundireba da ɗan sanfefa na iya tayar da ita. Ta yau idan na'urar da ke karanta juyin injinta ta mutu, sai a nemo mai kwamfuta, wani lokacin a aika Kano a sayo kayan, mota na gefen hanya da tumatir a bayanta.