Ma'aikatan bayan fage: Yadda fayil ke tafiya daga rajista zuwa teburin alƙali a kotunan Kano

Abin da ido ke gani a zauren kotu kaɗan ne daga cikin aikin shari'a: alƙali a bisa kujerarsa, lauyoyi cikin baƙaƙen riguna, mai ba da shaida a tsaye cikin akwati. Kafin a kira wata ƙara da sunanta, ta riga ta bi ta hannun mutane da dama da ba a ambaton su a cikin hukunci. Akwai rajistara, akwai akawun kotu, akwai mai kai sammaci, da kwamishinan rantsuwa, da tafinta, da sakataren da ke buga wa alƙali takardu. Su ne ke riƙe da ofishin alƙali, wanda lauyoyi ke kira cemba, su ne kuma ke kula da tafiyar ƙara daga ranar da aka shigar da ita har ranar da aka zartar da hukunci.

Masu masana'antu da dillalai da leburorin Sharaɗa, Challawa da Bompai suna cikin waɗanda wannan aiki ya fi shafa, domin shari'o'insu na takardu ne: takardar ɗaukar aiki, takardar sallama, rasit, yarjejeniyar bashin banki, takardar mallakar fili. Ƙara irin wannan tana iya mutuwa a ofishin rajista tun alƙali bai karanta layi ɗaya ba.

Wace ƙofa za a ƙwanƙwasa?

Tambayar farko ita ce ta hurumi, kuma a nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗi da lokaci. Rigimar da ta shafi aiki da ma'aikaci, kamar kora, albashi, kuɗin sallama, rauni a bakin inji ko rikicin ƙungiyar ƙwadago, ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, wadda ke da reshe a Kano. An kafa ta da dokar soja a 1976, aka yi mata sabuwar doka a 2006, sannan gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗaga ta zuwa sahun manyan kotuna, ya kuma keɓe mata waɗannan shari'o'i a sashe na 254C. Batun rushe kamfani, naɗa masa mai riƙo saboda bashi, harajin tarayya, kwastam da satar tambarin kaya kuwa na Babbar Kotun Tarayya ne, wadda ke zama a Gyaɗi-gyaɗi. Bashin ciniki, karya yarjejeniya da rigimar fili sukan tafi Babbar Kotun Jiha, a Sakatariyar Audu Bako ko a Titin Miller da ke cikin Bompai kanta.

Rajistara ba lauyan kowa ba ne, ba kuma aikinsa ba ne ya zaɓa wa mai ƙara kotu. Idan takardu sun cika sharaɗi zai karɓa. Sai bayan wata da watanni lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya ce kotun ba ta da hurumi, alƙali ya kori ƙarar, a koma farko.

Daga teburin karɓa zuwa lamba

A ce wani ma'aikacin masana'antar roba a Sharaɗa ya rasa yatsunsa a inji, aka sallame shi ba diyya. Lauyansa zai kawo takardar ƙara tare da bayanin abin da ya faru, da sunayen shaidu, da bayanin kowane shaida a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin duk takardun da zai dogara da su. Dokokin Kotun Ma'aikata na 2017 sun tanadi a gabatar da wannan duka tun farko, don kada wani ɓangare ya ɓoye hujja sai ranar zama ya fito da ita.

Jami'in karɓa zai duba takardun, ya ƙiyasta kuɗin da za a biya. A kotunan tarayya kuɗin na shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati ta hanyar Remita, kuma shaidar biyan ce ake manna wa fayil. Daga nan sai a buga hatimi mai kwanan wata, a ba ƙarar lamba. Haruffan da ke gaban lambar suna faɗin gidan da ƙara take: NICN/KN na Kotun Ma'aikata reshen Kano ne, FHC/KN na Babbar Kotun Tarayya, harafin K kuma na Babbar Kotun Jiha. Lambar nan ita ce sunan ƙara a wajen ma'aikata. Wanda ya je tambayar shari'arsa da sunansa kawai zai daɗe a tsaye. Wanda ya zo da lamba, nan da nan a ciro masa fayil.

Kwanan watan da ke jikin hatimi ba ado ba ne. Da shi ake ƙirga ko an shigar da ƙara a kan lokaci, da shi kuma ake sanin ko martani ya makara. Haka nan sa hannu. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba da sunan wani lauya da ke cikin rajistar lauyoyi ba, ba ta da inganci. Shari'o'i da yawa sun rushe a kan wannan kaɗai bayan an shekara ana fafatawa.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin sharaɗi da ya shafi leburori kai-tsaye. Idan mai rantsuwa bai iya karatu ba, Dokar Shaida ta 2011 ta buƙaci a rubuta a ƙarshen takardar cewa an karanta masa ita cikin harshen da yake ji kuma ya fahimta, kafin ya dangwala yatsa a gaban kwamishinan rantsuwa. Da yake Turanci ne harshen manyan kotuna, alhali yawancin ma'aikatan majemun Challawa da Hausa suke magana, wannan layi guda yana iya zama abin da lauyan kamfani zai fara nema.

Mai kai sammaci

Bayan an ba ƙara lamba, Babban Alƙalin jiha ko alƙalin da ke jagorantar reshe ne ke rarraba fayiloli ga alƙalai. Ba rajistara ke zaɓa ba, ba kuma mai ƙara ba. Daga nan aiki ya koma hannun mai kai sammaci, wanda duk da ƙanƙantar matsayinsa a tsarin albashi, shari'a ba ta tsayuwa sai da shi. Kotun Ƙoli ta daɗe da tabbatar da cewa duk zaman da aka yi ba tare da an isar wa wanda ake ƙara da takarda ba, rusasshe ne, ko da hukuncin ya yi daidai da gaskiya.

A unguwannin masana'antu na Kano wannan aiki yana da wuyar da ba ya da ita a wasu wurare. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya lokacin da birnin ke tashen saƙa, jima, man gyaɗa da alewa. Ƙarancin wutar lantarki, tsadar kuɗin waje tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da kwararowar kayan waje masu araha sun rufe masana'antu da dama. Sai mai kai sammaci ya isa adireshin da ke jikin takarda ya tarar da ƙofa a garƙame, ba kowa sai maigadi, ko ya tarar an mayar da wurin sito a hannun wani ɗan haya. Miƙa wa maigadi takarda ba lalle ya wadatar ba, domin dokokin kotu sun fayyace inda ake kai wa kamfani takarda da irin jami'in da ke karɓa. Dole lauya ya koma gaban alƙali ya nemi izinin isar da ita ta wata hanya. Idan kuma hedikwatar kamfanin tana Legas ne, ƙarar kuwa a Babbar Kotun Jiha take, sashe na 97 na dokar isar da takardun kotu da zartar da hukunci ya buƙaci a rubuta a jikin sammacin cewa za a kai shi wajen jihar.

Idan ya kai, sai ya rantse a rubuce cewa ya kai, ya faɗi rana da wuri da wanda ya karɓa. Wannan takarda ce alƙali ke fara dubawa idan wanda ake ƙara bai bayyana ba. A Kotun Ma'aikata, kwana 14 ake ba wanda ake ƙara ya shigar da amsarsa.

Cikin ofishin alƙali

Kowane alƙali yana da rajistaran kotunsa, wanda shi ne mahaɗa tsakanin alƙalin da duniyar waje. Ƙa'ida ba ta yarda mai shari'a ko lauyansa ya gana da alƙali a bayan idon abokin shari'arsa ba, don haka duk wata wasiƙa ta neman ɗage zama ko neman a matso da rana ta hannun rajistara take bi. Shi ke riƙe da littafin ranaku, shi ke fitar da jadawalin shari'o'in da za a saurara a manna a allo, shi ke aika sanarwar zama idan rana ta canza. Rashin aika wannan sanarwa ma yana rushe zama kamar yadda rashin kai sammaci ke yi.

Akawun kotu shi ke kiran ƙara, ya rantsar da shaida, ya karɓi duk abin da aka gabatar a matsayin hujja ya sa masa alama. Kayan shaida kuwa ba takardu kaɗai ba ne. A shari'ar kwaikwayon kaya, ana iya kawo bandir ɗin atamfa ko katan ɗin sabulu, kuma dole a adana su yadda aka kawo su har shari'a ta ƙare. A kotuna da yawa har yanzu alƙali da hannunsa yake rubuta bayanin shaidu, abin da ke cin lokaci ƙwarai. Sakatare ne ke mayar da rubutun zuwa na'ura. Wasu alƙalan suna da mataimaka masu ilimin lauya da ke nemo musu tsofaffin hukunce-hukunce, amma yanke hukunci na alƙali ne shi kaɗai.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Kano. Alƙalan gargajiya suna da muhutai da magatakarda da ke taya su bincike da rubuta hukunci, da 'yan aike da ke kiran wanda aka yi ƙara. Abin da ya sauya shi ne yawan takardu da tsananin ƙirgen kwanaki.

Ƙirgen da ya fi kowanne nauyi yana sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki: dole kotu ta yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan kammala shaidu da jawaban ƙarshe na lauyoyi, ta kuma ba ɓangarorin ingantaccen kwafi cikin kwana 7. Ofishin alƙali ne ke sa ido a kan waɗannan ranaku, shi ne kuma ke haɗa rahoton da kowane alƙalin babbar kotu ke aika wa Majalisar Shari'a ta Ƙasa duk bayan wata uku a kan yawan shari'o'in da ya kammala. Akwai dalilin da ya sa gaggawar ke da muhimmanci ga mai ƙara: idan alƙali ya yi ritaya, ko ya rasu, ko aka ɗaga shi zuwa kotun gaba kafin ya gama, galibi sai an sake sauraren shari'ar daga tushe a gaban wani, a sake kiran shaidun da wataƙila sun riga sun bar gari.

Bayan hukunci

Hukunci a baki ba ya fitar da kuɗi daga banki. Wanda ya yi nasara yana bukatar kwafin da aka tabbatar, kuma sashe na 104 na Dokar Shaida ya faɗi yadda ake tabbatarwa: a biya kuɗin da doka ta yanka, jami'in da ke riƙe da asalin takardar ya rubuta cewa kwafin gaskiya ne, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, tare da hatimi inda ya dace. Hoton hukunci da aka ɗauka da waya ba ya maye gurbin wannan.

Da kwafin ne ake zuwa sashen zartar da hukunci. Ana iya neman kotu ta umarci bankin wanda ake bin bashi ya bayyana abin da ke asusunsa, kuma sai an isar da umarnin farko aƙalla kwana 14 kafin ranar da za a tabbatar da shi. Ana iya kama kayansa, kamar motoci da janareto, a yi gwanjonsu. Fili da gini kuwa sai an sake neman izinin kotu bayan kayan da ake iya ɗauka sun kasa biyan bashin. Ma'aikacin da ya ci nasara a kan masana'antar da ta rufe yakan tarar banki ya riga shi, domin injinan da ginin jingina ne tun tuni.

Wanda ya sha kaye kuma yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe, kwana 14 a kan hukuncin tsakiyar shari'a. A nan ma rajistara ne ke haɗa kundin shari'ar gaba ɗaya ya aika Kotun Ɗaukaka Ƙara cikin kwana 60. Idan ya gaza, mai ɗaukaka ƙarar yana da kwana 30 ya haɗa da kansa. Abin da ba ya cikin kundin, alƙalan sama ba za su duba shi ba. Ga shari'o'in ƙwadago da suka fito daga Kotun Ma'aikata, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce tashar ƙarshe.

Ranar da suka ajiye aiki

Ɗaukar waɗannan ma'aikata da ladabtar da su yana hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha, ko takwararta ta tarayya. Can ake kai ƙorafi a rubuce idan fayil ya “ɓata” sai an ba da na goro, ko aka karɓi kuɗi ba rasit, ana kuma iya rubuta wa Babban Rajistara ko Babban Alƙali. A Kano, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki ce ta hau kujerar Babban Alƙalin jiha a 2023, mace ta farko da aka tabbatar a kanta.

Sau biyu a 'yan shekarun nan aka ga nauyin aikin nasu a fili. A ranar 6 ga Afrilun 2021 ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta garƙame kotunan ƙasar nan a kan neman 'yancin kuɗi ga ɓangaren shari'a, ba a buɗe ba sai tsakiyar Yuni. Alƙalai suna nan, lauyoyi suna nan, amma fiye da wata biyu ba a shigar da ƙara ba, ba a kai sammaci ba. Sai kuma watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da wasu ɓata-gari suka kutsa Babbar Kotun Jiha da ke Sakatariyar Audu Bako suka lalata ofisoshi, suka yi awon gaba da takardu da kayan shaida. Idan fayil ya salwanta, da kwafin da ke hannun lauyoyi da masu shari'a ake sake gina shi, abin da ya sa gogaggun lauyoyi ke ajiye kwafi mai hatimi na kowace takarda da suka shigar, haɗe da rasit ɗinta.